Koren Bangon Mai Kemis

Kar-Ka-Motsa ake ce masa, don ko gaisuwa ka kawo shagonsa, da wannan zai amsa maka. Shekara ashirin da bakwai yana ɗaukar hoto bai taɓa kunna fitila a fuskar mutum ba. Taga ɗaya gare shi, mai kallon lungu. Rana ta daki farin bangon da ke tsallake, hasken ya dawo a sanyaye ya kwanta a kumatu kamar an shafa mai. Da shi yake ɗaukar masu fasfo, da shi yake ɗaukar kwalaben wani mai turare, har ka ji kamar ka shinshina takardar.

Bangon kuwa na ƙanin matarsa ne, mai kemis. Ba sa ga maciji tun ranar da Kar-Ka-Motsa ya ce hancin mai kemis ɗin ba zai shiga hoto ɗaya ba.

Wata Litinin mai kemis ya shafe bangon da koren fenti.

Wanda ya fara zama a kujera ya fito a hoto kamar an tono shi daga kabari. Mai turare ya kwashe kwalabensa, ya ce shi ba maganin tari yake sayarwa ba. Kar-Ka-Motsa ya tsallaka lungun.

"Kai, ɗan neman fitina, ka kashe min haske!"

"Yaya, ga rana can sama. Ni na kashe ta?"

"Mayar da shi fari, ni zan kawo fentin."

"Bangona ne. Gobe in na ga dama ja zan yi. Ka sayi fitila mana kamar kowa."

Kwana tara kujera ba ta ga mutum ba. Kar-Ka-Motsa ya gwada jawo haske da madubi, ya kusa makantar da wani direba mai wucewa.

Ran na goma matarsa ta zo da igiya da farin zanen gado, ta shanya shi daidai fuskar bangon. Mai kemis ya fito da gudu, ya yi turus. Ita ta goya shi.

"Taɓa min shanya ka gani," in ji ta.

Haske ya dawo. Ta juyo kan mijin, wanda har ya fara washe baki.

"Rufe. Wankin naka ne, kullum. Na gaji da ku duka."

Har yau shi ke wanke zanen da safe, mai kemis na bakin ƙofa yana roƙon Allah ya kawo iska.