Mamman Mai Rediyo da Odinatar Mai Bargo

"Ke kike kashe shi, Sakinatu. Kullum sai a hannunki yake sumewa."

"Mushe, ni harafi kawai nake bugawa."

"Gobe in ya sake, ki koma gida."

Mamman ya rage muryar rediyon da yake gyara don ya ji da kyau. Bangon ƙasa ɗaya ne ya raba shagonsa da biro, wato ofishin wani proje na haƙar rijiyoyi a Tanut, inda a shekarar 1988 aka kawo injin rubutu mai gilashi da ake kira odinatar. Kowace rana, kafin azahar, koren rubutun yakan daskare a gilashin, injin ya yi ƙara ɗaya ya ƙi motsi, sunayen rijiyoyin da Sakinatu sakatariya ta wuni bugawa su ɓace. Darekta Idrisa kuwa, wanda suke ce wa Mushe, wato Malam da Faransanci, sai ya hau ta da faɗa.

Shi Mamman ɗan Falanko ne. Kiwo ya tashi yana yi, har farin shekarar saba'in da uku ya cinye masa awaki, ya shigo gari da rediyo guda wadda ba ta magana. Ya buɗe ta don haushi, ya rufe ta tana waƙa. Tun ranan yake duba inji kamar yadda yake duba dabba: kafin ya taɓa sukudireba sai ya shafa jiki, ya kara kunne.

Ya shiga biron da sallama. Zai ce tausayin yarinyar ne ya kawo shi, kuma akwai wannan. Amma wata huɗu ke nan yana mafarkin ganin hanjin abin nan, ba a ko bari ya leƙa ba.

Ya tarar da injin lulluɓe da bargon saƙi, gilashin kaɗai ke waje. Ya cusa hannu ƙarƙashi, ya ji zafi kamar murhu. Bargon ya toshe duk kafofin da injin yake shan iska ta cikinsu.

"Wa ya rufe shi?"

"Ni," in ji Idrisa yana gyara wuyan riga. "Abu mai daraja ba a barinsa a tsiraice. Bargon aurena ne."

Mamman ya dubi Sakinatu, ta dubi ƙasa. Ashe ta sani. Ya gane in ya faɗi gaskiya a gabanta, darekta zai yafe wa injin, ba zai yafe mata ba.

Sai ya naɗe bargon da ladabi, ya kwance injin, ya yi awa biyu yana more kallon cikinsa, bai gyara komai ba. Da ya mayar, Sakinatu ta yi ta bugu har la'asar, rubutu bai tsaya ba.

"Wata jijiya ce ta gurɗe tun a motar da ta kawo shi daga Damagaram," in ji Mamman. "Ba hannun yarinyar nan ba ne. Na ɗaure, amma kada a rufe shi sai ta warke."

Idrisa ya yi gyaran murya, ya ce wa Sakinatu gobe ta zo da wuri, aiki ya taru. Ya rako Mamman har ƙofa, bargo a kafaɗa.

"To, Malam Mamman, yaushe za ta warke?"

"Irin wannan jijiyar, Mushe, sai an yi haƙuri. Ni zan riƙa shigowa duk Juma'a ina buɗewa in duba."