Ranar da gardi ya yaba madafar Inna

Ina tsaye da laka a hannu gardi, wato dogarin kumandan, Baturen mulki, ya leƙo gidanmu a Dogon Dutsi. Zamanin Nasara ne, na gama karatun boko a lakkol ina jiran a kira ni aikin akawu a biro, sai na ce bari in gyara wa Inna madafarta. Na yi sabon yaɓe, na huda taga don hayaƙi.

Gardin ya shafa bangon ya ce, "Inna, wa ya yi wanga aiki mai kyau?"

Inna ta kalle shi sama da ƙasa. "Wani baƙo ne, ya wuce Matankari."

"To, lakar hannun ɗanki fa?"

Washegari aka tasa ƙeyata gyaran madafar kumandan, daga can sai ta gidan kaso. Kafin su sake ni an ba wani kujerar biron.

Mutane na zaton haɗarin gyaran madafa shi ne bango ya tsage. A'a, idon mai leƙowa ne. Har yau in an yabe ni, sai na tambayi abin da ake nema. Ku fa, me yabo ya taɓa jawo muku?