Namadi Alƙalin Silima

Namadi direban babbar mota ne, yana jigilar shinkafa daga Gummi zuwa Gusau. Wajajen 1978 sauke kaya ya fara sa shi kwana a Gusau, shi kuwa ba mai son zaman tasha ba ne, sai ya riƙa shiga silima.

In ya dawo, bayan la'asar rumfar Atiku mai gyaran keke takan cika. Namadi ya ba da labarin fim tun daga farko, har da kukan mota da ƙarar takobi. Amma abin da ke tara mutane shi ne hukuncin da yake yankewa daga baya.

"Wanga yaro na Indiya," in ji shi wata rana, "an kashe mai uwa, ko sadakar ukku ba a yi ba, ga shi bisa dutsi yana rawa. Wa ka yin haka? Waƙar da daɗi, amma sun yi gaggawa."

Abokin gardamarsa Obadiah ne, malamin firamare da ya taso a Jos. Shi a wurinsa fim ya ƙare tun zamanin masu baƙi da fari. Namadi kuwa bai taɓa ganin ko ɗaya ba, don haka yakan ce, "Malam, tsufa ka damunka." Su yi ta yi har Atiku ya kore su ya rufe rumfa.

Da aka shiga tsakiyar shekarun tamanin, wani ɗan kasuwa, Malami, ya kawo bidiyo da janareta garin. Atiku ya ce wa Namadi kasuwarsa ta watse, tunda kowa zai gani da idonsa. Sai ga shi masu kallo suna fitowa daga gidan bidiyo su zarce rumfar, su ji ko abin da suka gani ya yi kyau.

Wata Asabar Obadiah ya samo kaset ɗin wani tsohon fim, ya ja Namadi gidan bidiyo suka zauna kallo. Akwai wurin da wani dattijo ya dawo daga raka ɗansa tasha, ya zauna gaban akushi, ya daɗe bai sa hannu ba. Babu kiɗa, babu magana.

Suka fito, da suka kai bakin kasuwa Namadi ya tsaya.

"Sun bar mutum ya yi shiru," ya ce. "Na yanzu tsoron shiru su kai."

Obadiah ya kama dariya. "Ka yarda ke nan?"

"Da wanga guda na yarda. Kawo sauran mu gani."

Da bayansa ya fara ciwo, Namadi ya ajiye tuƙi ya koma noman fadama. Malami ba ya sayo sabon kaset sai ya biyo ta gonar ya tambaye shi. A gida kuma matarsa Hamsatu, wadda ke jin labaran tana tankaɗe, takan ce ya cika tsanani ga masu rawa. Ita kaɗai ce ba ya ja da ita.