Ƙafar Yayana

Yayana lebura ne a kamfanin da ya karɓi kwangilar gyaran babbar magudanar ruwa da ta ratsa gonakinmu na rani, tsakanin Kura da Bunkure. A farkon shekarun tamanin ne. Wata ranar Laraba suna ɗaga falankin siminti igiya ta tsinke, falankin ya faɗo masa a ƙwauri, har ƙashi ya leƙo waje.

Abokan aikinsa suka yi abin da kowa a garinmu zai yi. Suka ɗora shi a amalanke sai gidan mai ɗori. Wa ke kai karaya asibiti a lokacin? Mai ɗorin ya ja ƙafar, ya jera kara, ya ɗaure tam, ya yi tofi.

Kafin a gama tsinkar tumatir ƙafar ta kumbura ta yi baƙi. Ni ƙanwarsa ce, ni nake jinyarsa, kuma wallahi har yau in na tuna warin ɗakin nan sai tuwo ya fita raina. Muka kai shi asibiti a birni. Likita ya ce ƙafar za ta tsira in an yi aiki da wuri, amma aikin ya fi ƙarfinmu, sai kamfani ya ɗauki nauyi.

Na bi kawunmu ofishinsu. Manajan ya ce ai ƙa'ida likita ne zai fara ganin rauni, tunda mun riga mun kai wa mai ɗori, ɗorin ne ya ɓata ƙafar, babu ruwan kamfani.

Na ce, "Ranka ya daɗe, mai ɗorin ne ya jefo masa simintin?"

Kawu ya ce, "Ke, yi shiru mana!"

Ban yi shiru ba, amma me bakina ya tsinana? Aka ce za su zauna su duba. Muka yi ta zarya, yau manaja ya tafi Kaduna, gobe ba a zauna ba. Baƙin yana hawa, har aka yanke ƙafar daga gwiwa. Kawu ya naɗo ta a ƙyalle fari, aka binne a maƙabartar garinmu, mai ita yana kwance a asibiti.

Sai ga kamfanin sun aiko a zo a karɓi diyya. Ashe yankakkiyar ƙafa tana da farashi a ƙa'idarsu, mai ciwo ce ba ta da shi. Tir!

Yaya ya dawo gida, ba ya ƙorafi. Amma da la'asar, in ya zauna a tabarma, sai ya kira ni a hankali.

"Zo ki sosa min tafin nan, ƙaiƙayi ya dame ni."

Sai in durƙusa in rasa inda zan sa hannu. Ran nan na ce, "Yaya, ina zan sosa?"

Ya kalli tabarmar, ya ce, "Bar shi. Can yake min, inda kuka kai ta."