Jiragen da Suka Riƙa Wuce Ni

Ɗis, ɗis, ɗis. Ina tsintar shinkafa na ji shi, na ɗauka famfon bayi ne ya sake lalacewa. Na je na duba, a bushe yake. Sai da na leƙa falo na tarar da autata, mai shekara tara, ta duƙufa a kan kwamfutar da ƙanen maigidana ya kawo mana daga Fatakwal, inda yake aiki da masu haƙar mai. Daga wani wasa ƙarar take fitowa. Kai ne kyaftin ɗin jirgi mai nutso a ƙarƙashin teku, kana laɓe, kana harbin jiragen kaya da wani dogon makami mai gudu cikin ruwa, wai shi tofido.

Muna unguwar Uwani lokacin, a Inugu. Yarinyar nan bakinta ya fi sakewa da Ibo da buroka, ni kuwa daga "to" sai "a'a" nake samu. Amma ranar da na jawo kujera kusa da ita, sai ga Hausa tana zuba, tana nuna mini madubin leƙe da layukan da ke jikinsa. Na ƙudurta ba zan bar kujerar nan ba. Matsalar ita ce 'yar maƙwabtanmu ta iya wasan, kuma autata ta gaya mini ƙiri-ƙiri cewa in na ci gaba da ɓarnar makamai, ita za a riƙa kira.

Kullum bayan la'asar muke zama. Da farko cikin jirgin nake saitawa, makamin ya isa ya tarar da ruwa kawai. Ta ce gabansa ake harbi, inda zai je. Wannan ban sha wuyar ganewa ba, duk mai tsallaka titi gaban okada a kasuwar Kenyatta ta san shi. Na tono lissafin sakandare, na zana kusurwa a bayan kwalin sukari, na koyi ƙirga daƙiƙun da jirgi ke ɗauka daga layi zuwa layi don in san gudunsa. Komai ya fita daidai a takarda. In na harba kuwa, sai mu zuba ido farin layin kumfa ya bi ta bayan jirgin, kaɗan, ko da yaushe kaɗan. Daga nan jiragen rakiya su juyo kanmu, mu nutse muna ɓuya.

Na zargi madannin. Na zargi tabarauna. Sau biyu miya tana kamawa, maigidan ya shigo yana tambayar ko kyaftin ta ci yaƙi ne a ba shi abinci. Ban yi dariya ba.

Wata Asabar makami ɗaya ya rage mana, ga 'yar maƙwabta tsaye a ƙofa tana jira. Na auna, jirgin ya hau layi, na harba. Ya sake bi ta baya. Da na juya, autata ba allon take kallo ba, bakina take kallo. Nan na ji kunya ta rufe ni, don na gane abin da ta gani. Hannuna bai saba taɓa wuƙa ko ashana ba sai na yi bismilla, a nan kuma har ƙarawa nake da roƙon Allah ya kuɓutar da na cikin jirgin, alhali na san zane ne. Kafin in gama, jirgi ya yi gaba.

Ta tashi ta nufi ƙofa. Na fara tattara kwalin sukarina. Ta yi wa ƙawarta magana da Ibo, yarinyar ta juya ta tafi. Autata ta dawo ta sa wasan daga farko, ta turo mini madannin.

"Umma, addu'arki layi biyu take ci, na ƙirga. Ki fara tun jirgin bai iso ba."