Shanyar Baba Falalu

Ranar da na sayo tsohuwar motata, na tsaya a ƙofar Baba Falalu mai wanki, na taka totur don 'yan unguwarmu ta Maamobi su shaida. Hayaƙi ya turnuƙe igiyar shanyarsa. Ashe farin kaftanina na Juma'a ne a gaba.

Baba Falalu ya zo daga Dosso yana saurayi, ya shekara talatin yana wanki a bakin titin nan. Da fararen kaya ya yi suna, har daga unguwar Kanda malamai ke aiko masa. A shekarar tamanin da uku, lokacin yunwa, babu fetur, babu motoci. Iska tas, amma ba mai kawo wanki. Da kasuwa ta buɗe, kowa ya ɗinka shadda, kowa ya sayi motar gwanjo. Sai ga Baba yana ɗauraye riga sau biyu yana tari, malaman Kanda kuma suka fara janyewa.

Na ce, "Baba, haƙuri za ka yi. Ci gaba ne ya zo."

Ya ciro kaftanin, ya miƙo mini.

"To ga ci gabanka, Alhaji. Sa shi haka, ka tsaya a sahun gaba."