Hannun da Baba Ya Zaɓa

Abin kamar agogo yake, baƙi, amma ba ya nuna lokaci. Likitan Baba ne ya ɗaura masa a hannun dama da kansa, ranar da muka je Zariya, ya ce zai riƙa auna rawar hannun yana aika masa ta wayata. Da abin da ya gani zai san ko a ƙara magani ko a rage, ba sai mun riƙa jigilar tsoho a mota duk wata ba. Ya maimaita har sau biyu cewa a dama zai zauna, don nan ciwon yake. Na ce to.

Shekara talatin da wani abu Baba ya yi yana aikin ofis, mutum ne da ko hularsa ba ya yarda ta karkace. Ciwon rawar jiki ya same shi bayan ritaya, kuma ya tsani a kalle shi.

Ina aure a Hayin Banki, kullum da hantsi nake hawa keke zuwa gidan Baba a Malali in ba shi magani, in ajiye wayata kusa da shi na'urar ta aika abin da ta tara. A sati na biyu na tarar da ita a hannun hagu.

Na ce, "Baba, ai likita a dama ya ce."

Bai ko dube ni ba. Ya ce, "Ina kika taɓa ganin dattijo da agogo a dama? Da hannun nan nake cin abinci, da shi nake gaisawa. Jiya a masallaci mutum uku suka riƙe hannun suna tambayata mene ne."

Ni ce 'yar fari. A gidanmu ban taɓa musu da Baba ba, ko ido ba ma cika haɗawa. Raina ya ɓaci, amma na ja bakina na yi shiru. Na ce wa kaina hannu ai hannu ne, alhali na san ƙarya nake yi, don hagun nan lafiyarsa ƙalau.

Bayan sati uku likita ya kira, muryarsa cike da murna. Wai rawar ta kusa ɓacewa, a cire ƙwayar rana, a bar ta safe da ta yamma. Baba yana zaune a kujerarsa yana ji, ya ce alhamdulillahi da ƙarfi. Maganar ta zo har bakina, na kalli Baba, na haɗiye ta. Wallahi har yau ina jin haushin kaina a kan wannan shirun.

Kwana huɗu da cire ƙwayar, jikinsa ya fara sanƙarewa. Maɓallin riga ya gagare shi. Ranar Alhamis ya fita sallar la'asar, na biyo shi a baya don zan tafi gida. Ya kai tsakiyar titi, sai ƙafafunsa suka kafe. Ba gaba, ba baya. Ina ganin ƙugunsa yana so ya tafi, ƙafa ta ƙi. Wata motar yashi tana gangarowa tana danna hon. Ban san lokacin da na yar da jakata ba. Na rungumo shi ta baya na ja, muka zube tare a bakin kwata, motar ta wuce yaron motar yana zaginmu. Gwiwarsa ta kuje, babbar rigarsa ta yi kaca-kaca, ga masu shago sun taru a kanmu.

Muna shiga gida na kira likita, na sa wayar yadda Baba zai ji. Tsoro da fushi sun haɗe min. Likita ya ce abin ya ɗaure masa kai, don abin da na'ura take nunawa bai yi kama da wannan ba.

Baba ya ɗago ya zuba min ido. Na gane me yake roƙo.

Na ce, "Likita, sati huɗu ke nan tana hannun hagu. Shi ya mayar da ita, ni kuma na gani na yi shiru."

Likita bai yi faɗa ba. Ya ce a dawo da ƙwayar rana daga gobe, a mayar da na'urar dama yanzu. Na durƙusa gaban Baba na kwance ta. Ya bar min hannun daman yana kaɗawa a kan gwiwarsa, da ƙyar na samu ramin maɗaurin.

Da na gama ya ce, a hankali, "Kin tona ni a gaban baƙo."

Cikin sati ɗaya tafiyarsa ta dawo. Amma ya aika aka gaya wa mijina cewa in huta, ƙanina zai riƙa ba shi magani. Aka mayar da na'urar kan wayar ƙanin nawa. Ina zuwa gaishe shi duk Juma'a, yana amsawa, yana tambayar yara ɗaya bayan ɗaya. Wata bakwai aka yi kafin ya ƙara karɓar ko ruwa daga hannuna.